Mahmuda da Kwalabe Marasa Takarda

A kan zoɓo muka fara faɗa da Mahmuda. Wata Lahadi ce, shekara goma sha biyu ke nan, ina zaune a ƙofar gida a nan Sabo ta Ibadan, na jera robobin zoɓona a kan tire rana tana dukansu, sai ga shi ya fito daga masallaci. Ya gaishe ni ya wuce, sai kuma ya dawo kamar wanda ya yar da wani abu.

"Goggo Zinariya, da kin ja su inuwa. Farar roba ba ta tare haske. Kafin la'asar zai juya."

Na dube shi tun daga hula har silifa. Na ce, "Sannu, likitan zoɓo. Matarka ce ta aiko ka? Tun kana yawo ba wando a ƙauyenku nake jiƙa zoɓo a garin nan."

Ya juya ya tafi. Washegari da sassafe sai ga shi da buhu, kwalabe goma sha biyu a ciki masu launin ƙasa-ƙasa, an kankare takardun jikinsu, an wanke su fes. Ya ce in gwada zubawa a ciki. Na ɗauki ɗaya na kai hanci. An sa omo, an sa ruwan zafi, amma ni da na yi shekara shida ina tuyar ƙosai a bakin wani otal a Mokola, wannan warin ba ya ɓoyuwa gare ni. Na ɗago na dube shi. Shi kuwa ya sami wani abu a ƙasa yana ta kallo. Na karɓa, na sake wanke su sau bakwai, ban ce masa komai ba. Zoɓon ya kai magariba lafiyarsa lau, wannan ma ban gaya masa ba.

Mutumin wajen Ringim ne. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya sauka Ibadan a bayan motar shanu, aka kai shi gidan wani attajirin goro. A nan ya koyi abin da ya iya a duniya, wato zaɓen goro. Ya zauna kan tabarma da huhu a gabansa, ya ware fari da ja, ya ware sabo da daushe, ya fitar da mai sankara kafin ya ɓata 'yan'uwansa, ya canja ganye, ya yayyafa ruwa daidai misali. An ce ko huhu a ɗaure yake, in ya sunkuya ya shaƙa, zai gaya maka kwana nawa ya rage masa. Da maigidan ya rasu, 'ya'yansa suka watsar da sana'ar, Mahmuda ya koma dako a kasuwar Shasha har bayansa ya fara ƙara.

A can wata Bayarabiya ta gan shi, wadda ta yi shekara ashirin a ƙasar Jamus, yaranta suna kiranta Mama Jamani. Ta ga yadda ya jera mata tumatir a mota, ɗanye a ƙasa, nunanne a sama, ba wanda ya gaya masa. Ta ce tana neman mai kula da sito can wajen Oke Ado, kayan sha ne daga waje. Kwanansa biyu da fara aiki kwali ya suɓuce, kwalba ta fashe a ƙafarsa, kumfa ta tashi, sannan ya san abin da yake ɗauka. Giyar Jamus ce, wadda take kai wa manyan otal-otal da kulob ɗin masu kuɗi. Lokacin matarsa Ramlat tana da cikin fari wata takwas. Ya ce wa kansa bari ta haihu. Ta haihu. Ya ce bari a yaye. Aka yaye, wani ya shigo. Da haka da haka ya yi shekara goma sha tara.

A Sabo abin da aka sani shi ne Mahmuda yana aiki a siton lemon kwalba. Kullum yana tafe da riga ta biyu a leda. In an tashi, ya tsaya a famfon bayan wani gidan mai ya wanke hannu har gwiwa, ya canja riga, ya jefa kanumfari a baki, shi da ko ɗigo bai taɓa kai wa harshe ba. Okada ba ta kawo shi ƙofar gida. A shataletalen Mokola yake sauka ya tako, don iska ta kwashe abin da ya rage.

To amma mai hancin goro ba ya zama a ɗaki da kaya bai san su ba. Cikin shekara biyu ya fi Mama Jamani sanin abin da take sayarwa. Iri huɗu take shigowa da su, duk launin ruwan zuma mai haske, wanda bai sani ba sai ya ce abu ɗaya ne. Mai koren murfi ana ce mata Fils, ita ce mai ɗaci, an ce wani ganye ake sa mata da yawa, ƙanshinta kamar ɗanyar ciyawa. Ita ce mai saurin tsufa a wajensa, don ƙanshin ganyen ne ranta, a zafin Ibadan kuwa wata uku ya isa ya gudu. Mai shuɗin murfi Helas ce, mai laushi, ƙanshinta kamar cikin burodi mai ɗumi, tana ɗan fi ta jimiri amma ba ta da inda za ta ɓoye aibi, in ta fara juyawa nan take hanci zai kama. Mai ruwan gwal Esfot, ta fi su ƙarfi da kauri, an ce dama don tafiya mai nisa aka yi ta, tana haura wata shida in ta sami sanyi. Sai wata mai gurɓi-gurɓi da ba a tace ba, Kela, wadda ya ce ita kamar fura take, ba a yi mata ajiya, in ta sauka daga jirgi a yi maza a rabu da ita.

Kwanan watan da Turawa suka buga a jiki bai dame shi ba. Ya ce a ƙasarsu mai sanyi suka yi lissafin, ba su san kwantena tana kwana arba'in a tashar Legas rana tana gasa ta ba. Sai ya riƙe su riƙon goro. Mai saurin mutuwa a gaba kusa da ƙofa, mai jimiri a can ƙurya. Ya sa aka toshe tagogi da buhu, don wadda haske ya taɓa warin jaɓa take yi. Ya ɗaga kwalaye kan katako, ya hana a jingina su da bangon da rana take duka. Duk kayan da suka sauka sai a buɗe masa kwalba ɗaya, ya tsiyaya a kofi, ya dubi kumfa, ya shaƙa, ya zubar a kwata. In ya ji warin jiƙaƙƙen kwali, magana ta ƙare, ta mutu. Ba ta kashe mutum, in ji shi, amma ta zama gawa a kwalba. Wani Bature da yake saye ya taɓa rantsewa wannan mutum ƙarya yake da ya ce ba ya sha.

Daga baya ya gaya wa Ramlat, ita kuma ta gaya mini, cewa ɗaukar kayan bai kai masa ciwo kamar wannan ba: in ya shaƙa ya faɗi abu, aka duba aka ga haka ne, sai ya ji daɗi ya cika masa ƙirji. Wannan daɗin shi yake hana shi haɗa ido da mutane a sahun salla.

Ga shi kuma Allah ya ba shi murya. Da ladanin masallacin layinmu ya tsufa, tari ya hana shi fitowa da sanyin safiya, Liman Malam Labaran ya miƙa wa Mahmuda makullin ɗakin lasifika, ya ce kiran asuba nasa ne. Shekara goma sha ɗaya yana yi. Har Yarabawan da ke bayan layi sun san muryarsa, wata mai sayar da amala, tuwonsu, ta ce da ita take tashi hura wuta. Wannan makulli shi ne dukiyarsa. A wuya yake rataye shi da zare cikin riga, kuma duk safiyar da ya buɗe ƙofar nan sai ya ce a ransa, ran da suka sani, ran nan za su karɓe.

Bara da damina aka yi wani ruwa kwana biyu ba ɗaukewa, rafin bayan siton ya cika ya shigo har ƙugu. Da ya janye, kwalaye sun narke, takardun jikin kwalabe sun saɓule suna yawo a taɓo. Mahmuda ya zauna ya ware su da murfi. Dama akwai wasu da ya daɗe da cewa sun tsufa, ya haɗa duka, wajen kwalba dubu, ya ce wa Mama Jamani waɗannan sun gama. Ta ce a kai bola a fasa. Direba ya loda ya tafi, ya dawo ya ce an fasa.

Bayan mako uku Alhaji Iliyasu mai shanu ya yi walimar saukar Alƙur'ani ta 'yarsa Muhibbat. Alhaji Iliyasu mutum ne da ba ya yin abu kaɗan. An tare layi da rumfa, an yanka bijimi biyu, malamai a gaba, 'yan makarantar su Muhibbat cikin fararen kaya a gefe, mu mata muna can baya wajen tukwane. Mahmuda yana layi na uku, ya sa farar shaddarsa ta Juma'a. Ana gama addu'a aka turo durom uku cike da ƙanƙara. Aka ɗaga buhun da aka rufe su da shi, sai Mahmuda ya hango murafu, kore da shuɗi da ruwan gwal, a kan gajerun kwalabe marasa takarda.

Ya san su kamar yadda ya san 'ya'yansa, har da wadda ya yi wa alama da farce.

Alhaji ya tashi yana gyara babbar riga. "Jama'a, yau ba lemon da kuka saba ba ne. Maltin Jamus ne, kai tsaye daga jirgi. Ruwa ne ya taɓa takardun, shi ya sa na same shi. Babu sukari ko kaɗan, na masu ciwon suga ne irinmu. Kwana uku ina sha, wallahi barci nake kamar jariri."

Aka yi dariya, aka ce Allah ya ƙara arziki. Mahmuda ya sunkuyar da kai ya fara yi wa kansa fatawa. Ba su sani ba, wanda bai sani ba ba shi da laifi. Ba za ta kashe kowa ba. Kwalba ɗaya ce kowa zai sha, a tashi, gobe a manta. Ya sa hannu ya dafe makullin ta saman riga. Sai ya ji ƙarar buɗe murfi, ya ɗago, ya ga Alhaji da kansa yana miƙa wa Liman mai shuɗin murfi, ga 'yan matan da suka sauke Alƙur'ani sun miƙo hannuwa masu lalle suna jiran nasu.

Bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Allah gafarta Malam, kada ka sha."

Liman ya tsaya da kwalba a rabin hanya. "Lafiya, Mahmuda?"

"Ba malti ba ne. Giya ce."

Alhaji Iliyasu ya juyo a hankali. Ku tuna mutumin nan yanzu ya gama rantsuwa a gaban malamai cewa kwana uku yana sha.

"Kai Mahmuda, a gidana? A walimar 'yata? Yaushe ka koyi Jamusanci, a Ringim?"

"Alhaji, ka yi haƙuri. A shaƙa a ji."

Wani ya shaƙa ya ce shi dai warin tsohon kwali yake ji. Wani ya ce ai maltin waje haka yake. A cikinsu babu wanda ya taɓa kusantar giya balle ya gane ta, wanda kuma ya taɓa ba zai ɗaga hannu a wannan taro ba. Da Mahmuda ya ce ya saba jin warin in ya ratsa ta Mokola ya yi shiru, da wataƙila ya tsira. Amma Alhaji ya tsoma hannu a durom ya fito da uku, ya ɗaga su sama.

"To malamin kwalba, wacce ce giyar a ciki? Duk abu ɗaya ne, murfi ne kawai daban!"

"Ba ɗaya ba ne," in ji Mahmuda, muryarsa ta fito da ƙarfi kamar yana gaban lasifika. "Ta hannun damanka Fils ce, ɗacin da kake ji ma ba nata na gaskiya ba ne, wata huɗu ke nan da ƙanshinta ya tafi. Ta hannun Malam Helas ce, da tana da rai da burodi za ku ji, wannan warin kwalin shi ne mutuwarta. Mai ruwan gwal ɗin nan Esfot, ita kaɗai ce da sauran numfashi, ita ce kuma ta fi ƙarfi, in ita kake sha da dare to ita ta sa ka barcin..."

Sai a nan ya ji abin da bakinsa yake faɗa. Amma ya riga ya zubo.

"Kilode?" in ji wata maƙwabciya Bayarabiya a kusa da ni, wato me ya faru. Ba wanda ya kula ta.

Alhaji ya ajiye kwalaben. "Yaya aka yi ka san duk wannan?"

Gumi ya jiƙa wuyan shaddar Mahmuda. Wasu samari suka fara dariya, wani ya ce ko rana ce ta taɓa shi, wani ya ce sunayen aljanu yake kira. Alhaji ya ga dama ta samu, ya ɗaga hannu ya ce a ci gaba da rabo, kada a biye wa mai hassada. Aka ɗauki tire aka nufi 'yan matan. Liman yana nan riƙe da tasa, yana duban wannan yana duban wancan.

Ni ce na yi magana. Da ludayi a hannuna na ratso maza har tsakiyar rumfa.

"Ku ajiye, ku yarda da shi! In Mahmuda ya ce giya ce, giya ce. Siton lemon da kuke ji, siton giya ne. A kansa ake sauke ta, a kansa ake loda ta, shekara da shekaru."

Da na tsaya nan, da na ce taimakonsa na yi. Amma bakina ba ya sanin inda ake tsayawa. Na ga duk ido yana kaina, na ƙara da cewa, "Shinkafar da ake dafawa a gidansa ma daga cikin kwalbar nan take fitowa. Kun ga ko ya san ta ko bai san ta ba."

Ramlat tana bayana, a cikin mata, da 'yarsu ta fari.

Liman ya ajiye kwalbar a ƙasa a hankali, ya goge hannu a tabarma. Aka kwashe durom ukun aka kai bakin kwata, aka yi ta buɗewa ana tuttulawa. Kwana biyu layinmu yana warin otal. Ba wanda ya ce wa Mahmuda sannu. Kwana ukun Alhaji Iliyasu kuwa har yau ban ji wanda ya tayar da zancensu ba, sai dai mata in mun haɗu a wajen niƙa.

Washegari ya tafi kiran asuba kamar kullum, ya tarar Liman ya riga shi, yana zaune a bakin ɗakin lasifika. Malam Labaran mutum ne mai kunya, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mahmuda, jiya ka tsare mana bakinmu, Allah ya saka maka. Amma ka san mutane. Ka ɗan hutar da muryar tukuna." Ya miƙo tafin hannu. Mahmuda ya ciro zaren ta kansa ya ɗora masa. Ranar wani ɗalibi ne ya yi kiran, mai murya kamar ana jan kujera a siminti.

A makon ya bar aikin. Mama Jamani da kanta ta zo har bakin Sabo, ta tsaya a mota ta aika a kira shi, ta ce ta kori direban da ya sayar da kwalaben, ta ce yanzu wane ne zai riƙa shaƙa mata kaya. Ya ce ta yi haƙuri. Ya koma Shasha yana zaɓen albasa, yana fitar da mai ruɓa daga buhu tun ba a kwance ba. Salla kuwa sai ya bari an tayar ya shigo, ya tsaya a sahun ƙarshe kusa da takalma, ana sallama ya fice. In ya hango ni a ƙofar gida yakan gaishe ni yadda ya saba, har da rusunawa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ramlat ce dai ta daina shigowa ɗiban wuta, sai da aka daɗe ta dawo.

Ya jira wata biyar ko za a ce ya dawo ya karɓi makulli. Ba a ce ba. Da aka yi ƙaramar salla ya ce zai mayar da iyalinsa Ringim, akwai gonar ubansa. Motar albasa da za ta koma arewa ba kaya ita za ta ɗauke su daga Shasha.

Ranar na yi wanka, na ɗaura zanen da nake zuwa biki da shi, na hau keke napep. Tun daga Mokola nake jera maganar a raina. Zan ce, Mahmuda, ka yafe mini. Zan ce abin da ka yi a rumfar nan babu namijin da zai iya a Sabo, ni kuma na tozarta ka a gaban 'yarka ba gaira ba dalili. Na maimaita har mai keken ya waiwayo ya tambaye ni ko da shi nake.

Na same su an gama loda katifa da tukwane, Ramlat da yara sun hau. Shi yana ƙasa yana ɗaure wani buhu. Da ya gan ni ya saki igiyar ya taho da sauri.

"Goggo, da kanki? Ai da kin aiko na zo."

Ya tsaya a gabana, ya ɗan rusuna, yana jira. Direba ya danna ham. Na buɗe baki, duk abin da na jero tun daga Mokola ya ƙi fitowa. Ya ƙara jira. Direba ya ƙara dannawa.

Na ce, "Gyara hularka, a karkace take. Haka za ka shiga garinku kamar ɗan tasha?"